Yadda ake zaƙulo malaman da ke koyarwa daga nesa a makarantun Sakkwato, da yadda ake karrama su

A kusan duk makarantar da darasin bidiyo ya zauna da gindinsa, in aka bincika za a tarar mutum ɗaya ne ke riƙe da abin. Daga wayarsa kwamfuta ke samun intanet, daga albashinsa ake sayen data, kuma shi ne ke lallashin malamin Fiziks na wata makaranta a cikin gari ya ba da awa ɗaya ranar Laraba saboda 'yan ajin ƙarshe da ba su da mai koya musu. Aikin nan ba ya cikin jadawali, ba ya cikin fayil ɗinsa, kuma ranar da aka sauya masa wurin aiki shi ke nan an rufe babin. Babban amfanin karramawa shi ne ta mayar da wannan ɗawainiya aiki sananne, mai takarda da shaida. Kyauta da ɗaukar hoto daga baya suke zuwa.

Bayanin nan na masu shiryawa ne: shugaban makaranta, kwamitin kula da makaranta, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, reshen ƙungiyar malamai ta NUT, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ke neman inda kuɗinta zai yi albarka.

A fara tsayar da abin da ake yabawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa wa abin suna kamar "lambar yabo ta fasahar zamani" a bar shi haka. Sunan da ba shi da iyaka, makarantar da ta fi kayan aiki ita ke cinye shi. A rubuta ainihin aikin a layi biyu ko uku: malamin da ya isar da darasi ga ɗaliban da ba sa ɗaki ɗaya da shi, a kai a kai, na tsawon zango biyu aƙalla, ko ya kawo wa ɗalibansa malami daga nesa, ko ya koya wa abokan aikinsa yin haka har suka iya.

Kada a ɗaure abin ga bidiyo kai tsaye kaɗai. Ƙananan hukumomi 23 ne a jihar nan, kuma sabis ɗin da ake samu a Mabera ko Runjin Sambo ba shi ake samu a ƙauyukan Gudu, Tangaza ko Isa ba. A 2021 ma sai da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Malamar da ke naɗar darasi da murya ta tura ta WhatsApp da dare lokacin da sabis ya ɗan saki, ko ta zuba a katin memori ana kai wa ɗalibai gida, karatu daga nesa take yi, kuma sau da yawa ta fi mai majigi shan wahala. Haka wanda ya koyi darasin rediyo lokacin da korona ta rufe makarantu a Maris 2020, in har bai ajiye dabarar ba da aka koma aji.

Rukuni uku sun isa: na makarantun cikin gari, na makarantun karkara, sai na uku wanda galibi ake mantawa, wato malamin da ke tsaye a ajin da ake karɓar darasin. Shi ke haɗa waya, ya tsawatar wa yara, ya maimaita tambayar da mai koyarwa bai ji ba, ya karɓi littattafai ya duba. In ba shi, darasin bidiyo kallon talabijin ne kawai. A kuma yanke tun farko ko makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya suna ciki, a faɗa a sanarwa, domin sauya ƙa'ida bayan an ga sunaye shi ke jawo zargi.

Game da lokaci, Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, ita ce maƙura mai kyau, sai a ƙirgo baya. Sanarwa a farkon zango na uku, wajen Mayu. A rufe karɓar sunaye ƙarshen Yuni. Ziyarar makarantu a farkon Yuli, kafin jarrabawar ƙarshen shekara ta kankama kuma kafin damina ta ɓata hanyoyin karkara. Hukunci a Satumba. Wanda ya fara shiri a Satumba, ba abin da zai iya dubawa sai takardu, makarantu ma lokacin suke dawowa daga dogon hutu.

Gabatar da sunaye

Fom shafi ɗaya. Sunan malami, makaranta, darasi, aji, hanyar da yake bi, tun yaushe, ɗalibai nawa, da mutum biyu da za su ba da shaida. A karɓa a takarda a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a kuma karɓi hotonsa ta WhatsApp. Fom ɗin intanet kaɗai zai tace muku mutanen karkara tun kafin a fara.

Mutanenmu sun tashi da jin cewa yabon kai jahilci ne, saboda haka in aka ce malami ya gabatar da kansa, masu kunya za su yi shiru, kuma cikinsu gwanayen suke. In kuma aka bar wa shugaban makaranta shi kaɗai, ba mamaki ya kawo na hannun damarsa. Mafita ita ce a buɗe ƙofa ga abokan aiki, iyaye da ɗaliban manyan azuzuwa, har da saƙon murya na minti 2 da Hausa ko Fulatanci ga wanda rubutu ke ba wahala. Sakataren kwamiti ya mayar da saƙon kan fom. Daga nan a kira malamin a nemi yardarsa kafin a ci gaba, musamman malamai mata, domin akwai wadda ba ta son sunanta ko hotonta ya fita, kuma wannan ba ya rage mata maki.

Ƙuri'ar intanet kuwa a bar ta. Tana auna yawan abokan mutum a Facebook ne, ba ta san abin da yaro ya koya ba.

Shaida: inda ake rabe aya da tsakuwa

A nan aikin yake. Ana neman abubuwa huɗu daga duk wanda aka gabatar: jadawalin darussan da kwanakinsu, rajistar waɗanda suka halarta, gajerun naɗi biyu na darasi (minti 5 kowanne, daga ranaku mabambanta), da littattafan ɗalibai uku zuwa biyar da aka duba aka sa maki.

Kada a nace sai rahoton halarta daga manhaja. Cikakken rahoton irin wannan a Zoom da Google Meet yana tare da tsarin da ake biyan kuɗi ne, kuma yawancin malamanmu na kyauta suke amfani da shi. Rajistar takarda da shugaban makaranta ya sa wa hannu mako-mako ta wadatar. Abin dubawa a cikinta shi ne tawada: rajistar gaskiya tana da biro kala-kala, da gyare-gyare, da ranakun da aka rubuta "ba sabis" ko "ba wuta". Wadda aka cika zango guda da biro ɗaya, rubutu ɗaya, ba ko kuskure, a daren jiya aka yi ta.

Akwai ɗan lissafi da ke taimakawa. Bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa yana cinye kimanin 450MB a awa. Wanda ya ce yana darasin bidiyo awa 3 a mako har mako 12, ya yi awa 36 ke nan, kusan 16GB a gefensa kaɗai, ban da na ajin da ke karɓa. A tambaye shi a hankali daga ina datar ke fitowa. Mai yin aikin zai amsa nan take, har da sunan kamfanin layin da ranar da kuɗin ke ƙarewa, domin abin na ci masa tuwo a ƙwarya. Murya zalla kuwa ba ta kai 40MB a awa, shi ya sa malamin da ya san hannunsa yakan buɗe kyamara lokacin da yake rubutu a allo, ya rufe lokacin bayani. Wannan tattali ne na ƙwararre, kada alƙali ya ɗauke shi gazawa.

Wata tambayar mai sauƙi: "Malam, in Zoom ya yanke a tsakiyar darasi, yaya kuke yi?" Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet na kyauta yana ba taron mutum uku zuwa sama minti 60, kiran WhatsApp kuma bai wuce mutum 32. Wanda ya yi wata shida yana fama zai yi murmushi ya ce yana raba darasin gida biyu ne, ko yana tura mahaɗin shiga na biyu tun kafin a fara. Wanda aka shirya wa takardu zai tsaya kame-kame.

A kuma bambanta mai koyarwa da mai kunna bidiyo. Amfani da darussan da aka riga aka shirya, irin na manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, abu ne mai kyau. Amma sai an ga me malamin ya yi kafin a kunna da bayan an kashe: tambayoyin da ya yi, aikin gida da ya ba da, fassarar da ya yi wa yaran da Turanci bai zauna musu ba.

Naɗin da ke nuna yara yana da ƙa'idarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki ajin daga baya, a ga allo da ƙeyar yara, ba fuska ba, kuma naɗin ya tsaya a hannun sakataren kwamiti, kada ya shiga zauren WhatsApp na kowa da kowa. Hoton 'yan mata guda ɗaya da ya yi yawo ba da izini ba ya isa ya sa iyayen unguwa su janye 'ya'yansu daga darasin gaba ɗaya.

Alƙalai da rabon maki

Mutum biyar. Ɗaya daga makarantar gaba da sakandare da ya san harkar koyarwa, kamar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko cibiyar jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa (NOUN) da ke Sakkwato. Ɗaya daga masu duba makarantu na ma'aikatar ilimi ko na hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB). Wakilin malamai, wakilin iyaye, da mutum ɗaya da ya san na'ura. Biyu daga cikinsu aƙalla mata, domin akwai azuzuwa da gidajen da namiji ba zai shiga ya yi tambaya a sake ba. Duk wanda ke da dangantaka da wani ɗan takara, ta jini ko ta aure ko ta wurin aiki, ya faɗa tun a zaman farko, ya fita in an zo kansa. A garin da kowa ya san kowa wannan ba abin kunya ba ne, ɓoyewar ce abin kunya.

A maki 100, ga rabon da ke aiki: 30 ga amfanin da ɗalibai suka samu, 20 ga ɗorewa, 20 ga koya wa wasu malamai, 15 ga dabara cikin rashi, 15 ga kaiwa ga waɗanda aka bari a baya, irin su matan aure da suka katse karatu, yaran makiyaya, masu lalurar ji ko gani, da yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Kayan aiki ba su da maki ko ɗaya. Majigi ba ya koyarwa.

Makin farkon nan shi ya fi wuyar aunawa. Sakamakon WAEC ko NECO kaɗai ba ya isa, domin hannaye da yawa ke cikinsa. Gara a kwatanta gwajin aji na farkon zango da na ƙarshe a darasin nan ɗaya, a duba ko yawan masu zuwa ya tsaya ko ya zube bayan makonni ukun farko na ɗoki, sannan a ji ta bakin yaran. Kowane alƙali ya sa makinsa shi kaɗai a takarda tukuna, sannan a haɗa. In tazarar mutum biyu ta wuce maki 15 a kan ɗan takara ɗaya, a tsaya a tattauna. In aka fara da tattaunawa, bakin babba a zaman shi zai zama makin kowa, don ba mai son musanta wa dattijo a gaban mutane.

Ziyara

Daga takardu a tace zuwa mutum uku a kowane rukuni, a je a gani. A faɗa wa makaranta makon da za a zo, kada a faɗi ranar. Alƙali biyu su tafi, kuma su je inda ake karɓar darasin, ba inda ake aikawa ba. Mai aikawa kullum yana jin kansa garau. Abin da ke isa kunnen yaron da ke bencin ƙarshe shi ake son sani.

Da shiga, kafin a kunna komai, a shafa yatsa a kan talabijin ko majigin. Ƙurar Sakkwato ba ta ƙarya: na'urar da ake taɓawa kullum tana da sawun yatsu a maɓallanta, wayoyinta a warware suke, wani wurin ma an ɗaure da salatif. Wadda aka fito da ita daga sito yau da safe za a ga tana walƙiya, ko ledarta ba a gama ɓarewa ba, yara kuma suna kallonta kamar baƙo. Ɗaya daga cikin alƙalan ya zauna a bencin baya ya rufe ido na minti ɗaya. In yana jin kowace kalma, darasin na tafiya ko da hoton na sarƙewa. In murya na yankewa ko tana amsa-kuwwa, komai kyan hoto an yi asara. Amsa-kuwwar nan da ƙarar da ke tsinke kunne galibi daga na'ura biyu ne a ɗaki ɗaya, duka da makirufo a buɗe. Malamin da ya saba zai rufe ɗaya ba tare da ya ko waiwaya ba.

A so ma sabis ya ɗauke ana tsaka da darasi, domin nan ake ganin gwani. Wani zai tsaya yana ɗaga waya sama yana zagaye aji har lokaci ya ƙare. Wani kuma zai juya allo ya ci gaba da misali na gaba, domin tun jiya mai koyarwa ya turo masa hoton takardar darasin, ko ya koma kiran waya na yau da kullum ya jingina ta da lasifika. A duba kuma lokacin da aka sa darasin a jadawali. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kwamfuta da waya kan yi zafi su rage gudu ko su mutu da tsakar rana a ajin kwano. Wanda ya mayar da darasinsa safiya, ya ɗora kwamfutar a kan abin da iska ke ratsa ƙarƙashinsa, ya koya ne ta hanyar wuya.

Bayan darasi a keɓe da ɗalibai huɗu ko biyar, waɗanda alƙali ya zaɓa da kansa daga rajista, malamin kuma ya ba da wuri. Tambayar ta zama ƙarama: "Ɗiyata, me aka koya muku a makon jiya? Kin taɓa yi wa malamin can tambaya? Me ya ce miki?" Yaran da ake yi wa darasin gaske sun san sunan malamin nesa, sun san irin maganarsa, har kwaikwayonsa suke yi. Sannan a tambayi wani malami a makarantar ko zai iya haɗa kayan in mai abin ba ya nan, a ce ya haɗa a gani. Makin koya wa wasu a nan ake samun sa ko a rasa.

Kuɗin mota da abincin alƙalai daga asusun shiri za su fito. Ruwa dai a sha, amma kada a karɓi goron sallama daga makaranta.

Me za a ba shi

Sakkwato ba baƙuwar wannan harka ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jagororin mata da ake kira jaji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu a waƙe su koma su koyar da matan da ba za su iya tahowa ba. Alamar da take ba jaji ita ce malfa da aka naɗe da jan rawani. Malfar nan ba ta ratayewa a bango ba ce, shaida ce da ke sa a saurari jaji in ta isa gari, wato girmamawa ce da ke ƙara wa mutum ikon ci gaba da aikin. Da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace kyauta.

Abu na farko, kuma mafi arha, takardar yabo ce ta hukuma da za ta shiga fayil ɗin malamin a wurin da aka ɗauke shi aiki, da lambar wasiƙa da hatimi, a ba shi kwafi. Allon katako da aka zana suna yana da daɗin kallo, amma ranar zaman ƙarin girma fayil ake buɗewa. A rubuta abin da ya yi dalla-dalla: darasi kaza, aji kaza, makarantu kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza. "Saboda jajircewarsa" ba ta gaya wa kowa komai.

Na biyu lokaci. A rage masa darasi biyu a mako a jadawali, a rubuta su a matsayin lokacin shirya darasin nesa da horar da abokan aiki. Wannan ba ya cin ko kwabo, sai dai yardar shugaban makaranta, kuma a samo ta a rubuce kafin biki.

Na uku data ta shekara guda, ana zuba ta wata-wata a layin da ake darasi da shi. In aka ba da kuɗin a dunƙule, hidimar gida za ta cinye, kuma ba laifin malamin ba ne.

Kayan aiki kuma a raba gida biyu a faɗa a fili: wannan na malami ne, ya tafi da shi duk inda aka kai shi, wannan na makaranta ne, ya shiga rajistar kaya. Rashin faɗar haka shi ke haddasa rigima ranar canjin aiki. Kafin a saya a yi lissafin wuta. Kwamfutar cinya tana cin wat 45 zuwa 65, talabijin mai inci 43 wajen wat 80, ƙaramar na'urar intanet wajen wat 10, lasifika wajen 20. Duka bai kai wat 200 ba, darasin awa 2 ke nan ƙasa da wat-awa 400. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma in irin na ruwa ne rabi kawai ake ja in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Ya isa, da farantin sola mai wat 300 da ƙaramar inbata. Majigi mai fitila shi kaɗai yana cin wat 250 zuwa 300, ga shi ba a ganin hotonsa a ajin da rana ke shigowa ta taga ba labule, ƙura kuma na toshe masa mashigar iska. Ga aji mai yara 40 zuwa 50, talabijin da lasifika mai kyau sun fi shi. A haɗa da tsumma da umarnin a riƙa goge farantin sola lokacin hunturu, domin hazo kan rufe shi caji ya ragu a yi ta zargin batir.

Abubuwa biyu a kiyaye. Kada a sanar da kyautar da ba ta riga ta zo hannu ba. Alkawarin da aka yi a lasifika aka kasa cikawa ya fi rashin karramawar ciwo. Kada kuma karramawar ta zama sanadin ɗauke malamin daga aji a kai shi ofis. Ana yin haka da kyakkyawar niyya, sai a wayi gari an sami ƙarin jami'i ɗaya, yara kuma sun rasa darasi.

Hassada ma gaskiya ce a ɗakin malamai. Maganinta a ambaci duk wanda ya sa hannu, da suna: wanda ya ba da aron wayarsa, mai gadin da ke kwana da kayan, shugabar da ta gyara jadawali. Takardar godiya ga kowannensu ba ta da tsada.

Ranar biki

Kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin shiri ya ishi biki, saura na kyauta ne da ziyara. Ranar 5 ga Oktoba kanta manyan jami'ai na wurin taron jiha, saboda haka makon da ke biye ya fi sauƙin samun su. In da hali a yi taron a makarantar da ke karɓar darasin, a gayyaci uban ƙasa da limami da iyaye, a kuma gayyaci iyalin malamin. Ga malama mai aure, a kai wa maigidanta da iyayenta katin gayyata tun da wuri.

Jawabai uku sun isa. A maimakon na huɗu, a yi darasi na minti 10 kai tsaye da wata makaranta, mutane su gani da idonsu. A gwada haɗin kwana ɗaya kafin nan, a daidai wannan sa'a kuma a wannan wuri, a tanadi layukan kamfani biyu, a tuna cewa taron jama'a da wayoyinsu kan rage ƙarfin sabis. A ajiye naɗaɗɗen darasi a kwamfuta ko da abin zai ƙi. A ba malamin minti 5 ya yi bayanin yadda yake yi, a kuma kai labarin gidan rediyon Rima, domin malaman karkara da ake son su ji sun fi kama rediyo.

Bayan an watse

Waɗanda ba su ci ba, kowa a aika masa layi uku: abin da alƙalai suka yaba da abin da ya rage masa. Su ne 'yan takarar baɗi. Wanda ya ci ya huta shekara 2 kafin ya sake shiga, a sa shi cikin masu ziyara, kuma a ɗora masa horar da malamai biyar daga makarantun kusa kafin ƙarshen zango na biyu.

Fayil ɗin shaidar da aka tara kada a watsar. Da shi za a nemi lambar yabo ta Shugaban Ƙasa ga malamai da makarantu, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke bayarwa a Ranar Malamai, sai a tuntuɓi ma'aikatar ilimi ta jiha kan hanyar shiga. In aikin ya girma ya haɗa makarantu da yawa, akwai kyautar UNESCO ta Sarki Hamad bin Isa Al-Khalifa kan amfani da fasahar sadarwa a ilimi, wadda aka kafa a 2005 da tallafin Bahrain, ana kuma gabatar da suna ta hukumar UNESCO ta ƙasa.

Bayan wata 6, wato wajen Afrilu, mutum ɗaya daga kwamiti ya koma makarantar ba sanarwa. Ya duba ko datar na shiga, ko batir na riƙe caji a wannan zafi, ko darussa biyun da aka rage suna nan a jadawali ko an mayar masa da su a ɓoye, ko takardar yabo ta isa fayil. Abin da ya gani ya rubuta a shafi ɗaya, a karanta shi a zaman farko na shirin shekara mai zuwa kafin a buga sabon fom.